Kwana 21 da kilomita 1,170: lissafin gyaran DNA da kemo, daga Timia

Da yawa daga cikin magungunan kemo da ake ɗura wa masu sankara aikinsu ɗaya ne: su kutsa cikin ƙwayar halitta su yi wa DNA ɗinta ɓarnar da za ta hana ta hayayyafa. Ita kuwa ƙwayar, lafiyayya ce ko ta sankara, ba ta naɗe hannu. Tana da sinadaran da ke bin zaren suna gyara abin da ya lalace. In gyaran ƙwayar sankara ya riga ɓarna, magani ya tashi a banza. In ɓarna ta fi ƙarfin gyara, ƙari ya motse. Alƙaluman da ke tafe duk a kan wannan tsere suke. An samo su a ɗakunan bincike da asibitocin Turai, Amurka da Ibadan. Ni kuma zan aza su a kan Timia, garin lemo da rumman da dabino da ke cikin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadez, mu ga wanne ke da amfani ga mara lafiyar can, wanne kuma sai dai a ji shi a labari.

10,000 a yini

Kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikin mutum tana ɗauke da zaren DNA wanda in aka warware shi zai kai kusan mita 2. Haruffa huɗu ne kacal suka gina shi, A, C, G da T, kuma bibbiyu suke tafiya: tagwaye kimanin biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba. Har ƙarshen shekarun 1960 masana da yawa na ɗaukar zaren nan a matsayin abu mai ƙarko ƙwarai, tun da shi ke riƙe da gadon zuriya. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, bai tsaya ga zato ba, sai ya auna. A 1972 ya nuna cewa ɗumin jiki da ruwan jiki kaɗai, ba guba, ba zafin rana, sun isa su sa kowace ƙwaya ta zubar da haruffa kimanin 10,000 a yini. Kwana guda daƙiƙa 86,400 ne. Ke nan kusan duk daƙiƙa 9 harafi ɗaya ya ɓalle a kowace ƙwaya, a jikin jinjiri da na tsoho, mashayin taba da wanda bai taɓa kusantarta ba.

Adadin na da firgitarwa, amma a raba shi tukuna. 10,000 cikin tagwaye biliyan 6 daidai yake da 1 cikin 600,000. A yini guda ba wani abu ba ne. A shekara kuwa ya haura miliyan 3 da rabi a ƙwaya ɗaya, a shekara 60 ya wuce miliyan 200. Da ana barin wannan ɓarna tana taruwa, da babu mai rai da zai kai ga barin baya. Lindahl ya ce lalle akwai mai gyara, kuma a 1974 ya gano sinadari na farko, a jikin bakteriya, wanda ke cire harafin da ya gurɓace don a sa wani a gurbinsa.

Akwai kuma kuskuren kwafi. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe zarenta gaba ɗaya. Sinadarin da ke kwafar yakan yi kuskure kamar sau 1 cikin haruffa 100,000. Da yake yana duba aikinsa da kansa, sai kuskuren ya sauko zuwa kamar 1 cikin miliyan 10. Paul Modrich na Jami'ar Duke a Amurka ya fayyace mataki na uku: sinadaran da ke biyo baya suna farautar tagwayen da ba su dace da juna ba, har su bar ɗaya tak cikin ɗari, ko ma cikin dubu, na ragowar kurakuran.

Masani na uku, bayan Lindahl da Modrich, shi ne wanda aikinsa ya fi shafar kemo kai tsaye. An haifi Aziz Sancar a 1946 a Savur, ƙaramin gari a lardin Mardin na kudu maso gabashin Turkiyya, na bakwai cikin 'ya'ya takwas na iyayen da ba su iya karatu da rubutu ba. Ya karanta likitanci a Istanbul, ya yi aikin likita a karkarar yankinsu, sannan ya tafi Amurka. A 1983 ya nuna yadda bakteriya ke magance ɓarnar hasken rana: ta yanka zaren ta gefe biyu, ta fid da guntu mai haruffa 12 zuwa 13, ta cike gurbin ta hanyar duba ɗaya silin da bai lalace ba. A 1992 ɗakin bincikensa a Jami'ar Karolina ta Arewa ya nuna cewa ƙwayar ɗan Adam ma haka take yi, sai dai guntun nata ya kai haruffa 27 zuwa 29. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015.

Mai son ganin darajar wannan gyara da idonsa ya dubi yaran da aka haifa babu shi. Cutar gado ce da likitoci ke taƙaitawa da XP, kuma James Cleaver ne ya nuna a 1968 cewa rashin gyaran ɓarnar rana ne tushenta. Bibiyar da aka yi wa masu ita a Amurka ta nuna haɗarin kamuwarsu da sankarar fata kafin shekara 20 ya ninka na sauran yara kimanin sau 10,000. An fi ganinta a Arewacin Afirka, inda auren zumunci ya yawaita. Kada a haɗa su da zabiya: shi zabiya launin da ke tare rana ne ya rasa, gyaransa lafiya lau. Amma a ƙarƙashin ranar Abzin, tufa mai rufe fuska da wuya da hannuwa kariya ce ta gaske ga su biyun.

Magani ɗaya, sakamako daban-daban

A 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Mishigan yana gwada tasirin lantarki a kan bakteriya, sai ya ga sun daina rabuwa, sun dinga tsawo kawai. Ashe ba lantarkin ba ne, wani sinadari ne da ke narkewa daga ƙarfen filatinam ɗin da ya tsoma a ruwan. Daga nan aka samo sisfilatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yakan manne wa haruffa biyu maƙwabta, galibi G da G, ya lanƙwasa zaren. Hanyar da ƙwaya ke bi ta ɓamɓare shi ita ce dai wadda Sancar ya fayyace, kuma a 2016 ɗakin bincikensa ya fitar da taswirar inda maganin ke mannewa da inda ake saurin cire shi a duk tsawon zaren ɗan Adam.

Inda sisfilatin ya fi nuna bajinta shi ne sankarar 'ya'yan maraina. Kafin Lawrence Einhorn ya fara haɗa shi da wasu magunguna biyu a Jami'ar Indiyana a 1974, cikin maza 100 da cutar ta bazu a jikinsu kamar 10 ke tsira. Yau kimanin 80 ke warkewa. Ɗaya daga cikin dalilan, kamar yadda wani bincike a Ingila ya nuna a 1999, shi ne ƙwayoyin wannan sankara na da ƙarancin sinadaran gyara. Maganin bai fi ƙarfi a wurinsu ba. Su ne ragwaye wajen gyara. Shi ya sa maganin nan ɗaya ba ya kawo kwatankwacin wannan nasara a sankarar huhu ko ta ciki.

Sankarar ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma ta nuna haka ƙarara. A gwajin da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka buga a 2005 da marasa lafiya 573, ƙara maganin temozolomid a kan gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 12.1 zuwa 14.6. Wata biyu da rabi ke nan. Amma da Monika Hegi ta Lozan ta raba marasa lafiyar bisa wani sinadarin gyara guda ɗaya mai suna MGMT, sai hoton ya sake. Waɗanda sinadarin ke kashe a ƙarinsu sun tashi daga wata 15.3 zuwa 21.7. Waɗanda yake aiki a nasu daga 11.8 zuwa 12.7 kawai. Matsakaicin adadi ya ɓoye rukuni biyu: wanda ya amfana sosai da wanda ya sha wahalar magani kusan a banza.

Misalin da ya fi shafar matanmu shi ne na sankarar bakin mahaifa, kuma a nan ne mai karatu ya kamata ya koyi tambaya ɗaya: kashi nawa na me? A Fabrairun 1999 Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka ta sanar, bisa gwaje-gwaje biyar, cewa haɗa sisfilatin da gashi na rage haɗarin mutuwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Mai jin haka zai ɗauka mata 50 cikin 100 aka ceto. A 2008 aka tattara bayanan kowace mace daga gwaje-gwaje 13, aka tarar waɗanda ke raye bayan shekara 5 sun tashi daga 60 zuwa 66 cikin 100. Mata 6 ke nan. Wato sai an yi wa mata kimanin 17 ƙarin maganin kafin a sami ɗaya da shi ne ya ceci ranta. Ban raina 6 ɗin nan ba ko kaɗan, musamman ga tsohon magani mai araha. Amma 6 daban, 50 daban, kuma iyalin da za su sayar da raƙumi ko amfanin garka don magani sun cancanci a faɗa musu wanne ne nasu.

Ibadan: mace 1 cikin 9

Ɓarnar da ta fi muni ita ce zaren ya tsinke gaba ɗaya, sili biyun a wuri guda. Daga cikin masu ɗinke irin wannan tsinkewa akwai ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Macen da ta gaji ɗaya a lalace, daga uwa ko daga uba, haɗarin ta kamu da sankarar mama kafin shekara 80 ya kai kusan kashi 70 cikin 100.

Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanta likitanci a Ibadan kuma take Jami'ar Shikago, ta daɗe tana bibiyar wannan a Najeriya. A 2018 ita da abokan aikinta, har da Mary-Claire King da ta fara gano mazaunin BRCA1, suka buga sakamakon gwajin mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan da mata 997 marasa ita. Cikin masu cutar, kashi 7.0 na da lalataccen BRCA1, kashi 4.1 na da lalataccen BRCA2. Jimla 11.1, kamar mace 1 cikin 9. In aka haɗa da sauran ƙwayoyin gado masu alaƙa da cutar, adadin ya kai 14.7, alhali a marasa cutar 1.8 ne. A wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2021, BRCA biyun a haɗe kusan kashi 2 ne na masu cutar.

Kada a yi gaggawar cewa matan Afirka ta Yamma sun fi gadon cutar sau biyar. Matsakaicin shekarun matan Ibadan ɗin bai kai 50 ba. A Amurka yawancin masu sankarar mama sun haura 60, kuma tasu ta tsufa ce, ba ta gado ba, don haka masu gadon suka zama tsiraru a cikinsu. Inda tsofaffi ba su da yawa, rabon masu gado dole ya yi sama. Sannan wannan adadi na matan da suka isa asibiti a Ibadan ne, akasarinsu Yarabawa. Ba a ɗauke shi a liƙa wa matan Abzinawa ko na Hausawan Maraɗi. Abin da yake yi shi ne ya ba da hujjar a auna su su ma.

Me sanin zai amfanar? Ƙari mai lalataccen BRCA rago ne wajen gyara, don haka yana da lagon da za a kama. A 2005 rukuni biyu a Ingila, na Thomas Helleday da na Alan Ashworth, suka nuna cewa in aka toshe wata hanyar gyara ta biyu mai suna PARP, ƙwayar da ta rasa BRCA sai ta mutu, lafiyayya kuwa ta tsira. Daga nan maganin olaparib ya fito, aka amince da shi a Turai da Amurka a Disamban 2014. A gwajin OlympiA na 2021, mai marasa lafiya 1,836, waɗanda cutar ba ta dawo musu ba bayan shekara 3 sun kai 85.9 cikin 100 a masu shan maganin, 77.1 a marasa sha. Ci gaba ne na gaske, amma magani ne mai tsada da ke buƙatar gwajin gado tukuna. Wanda ya fi jan hankalina shi ne gwajin TNT na Birtaniya da aka buga a 2018. An kwatanta kabofilatin, ɗan'uwan sisfilatin, da dosetaksel a mata 376 masu wani nau'in sankarar mama da ta bazu. A jimlace babu bambancin kirki. Amma a 'yan tsirarun masu lalataccen BRCA, su 43, ƙari ya motse a kashi 68 da kabofilatin, kashi 33 da ɗayan. Mutum 43 ba su da yawa, a riƙe wannan a zuciya. Duk da haka darasin a fili yake: wani lokaci ilimin gyaran DNA ba sabon magani yake nunawa ba, tsohon da ke kan kanta yake nuna wa likita.

Alƙaluman Nijar, da waɗanda ba sa cikinsu

Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 20 da mutuwa miliyan 9.7 a duniya a 2022, wato mutuwa 49 a kan kowace kamuwa 100. Ƙiyasinta na Nijar a 2020 kusan kamuwa 10,000 ne da mutuwa sama da 7,000, kamar 75 a kan 100. Sankarar mama ce kan gaba.

A raba 10,000 da mutum miliyan 24 na wannan shekara, za a sami kamar 40 cikin 100,000. Adadin ƙanƙani ne in aka gwada da na Turai, kuma dalilai biyu ne. Na farko, kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, sankara kuwa ta fi bin manya. Na biyu, ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Rajistar sankara ta ƙasar a Yamai take tun 1992, kuma wanda aka gano cutarsa a asibiti take rubutawa. Wanda ya rasu a gida da kumburin ciki, ba a taɓa yankar ɗan namansa an gwada ba, ba ya cikin lissafin kowa.

In muka bi wannan 40 ɗin, jihar Agadez mai mutum kusan 488,000 a ƙidayar 2012 za ta sami kamar kamuwa 200 a shekara, gundumar Timia mai kimanin 19,000 kuwa 7 ko 8. Lissafina ne na rabawa, ba rahoton asibiti ba. Amma yana nuna girman aikin: ba dubbai ba ne, adadi ne da ƙaramin sashe a asibiti ɗaya zai iya riƙewa. Kuma jihar nan ce mai ma'adinin yuraniyom a Arlit tun 1971 da Akokan daga 1978 har rufe shi a Maris 2021. Tururin nukiliya na tsinka DNA, wannan sananne ne. Muhawarar da aka shekara ana yi kan ko ya ƙara yawan sankara a yankin kuwa, rajistar jiha da ke ƙidaya kowa ce kawai za ta raba gardamar.

Matsalarmu, in aka gwada da masu arziki, ba yawan kamuwa ba ce, yawan mutuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe mafiya ci gaba mace 1 cikin 12 ke kamuwa da sankarar mama a rayuwarta, 1 cikin 71 ke mutuwa da ita. A ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba 1 cikin 27 ke kamuwa, amma 1 cikin 48 ke mutuwa. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi mata sama da 2,000 a ƙasashen Afirka biyar, ya tarar cewa bayan shekara 3 da gano cutar, 90 cikin 100 na fararen matan Namibiya na raye, a Najeriya kuwa 36. Zuwa a makare da rashin samun cikakken magani su ne manyan dalilan da binciken ya gano.

Me ya sa kwana 21

Ƙari mai faɗin santimita 1, wanda da ƙyar yatsa ke ji, na ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan 1. A 1964 Howard Skipper ya nuna a jikin ɓeraye cewa kowane zubin kemo ba adadi tsayayye yake kashewa ba, kaso yake kashewa. Ga misalin da ake koyar da ɗalibai da shi. A ce kowane zubi na kashe 999 cikin 1,000, kuma kafin zubi na gaba ragowar su ninka sau 10. Zubi na farko ya mai da biliyan 1 zuwa miliyan 1. Suka farfaɗo zuwa miliyan 10. Na biyu ya bar 10,000. Suka koma 100,000. Na uku ya bar 100, na huɗu ya bar 1. Sai a na biyar ko na shida ake sa ran babu saura.

A duba inda haɗarin yake. Bayan zubi na biyu babu hannun likita ko na'urar hoto da za ta ga ƙwayoyi 10,000. Ƙari ya ɓace, mara lafiya ta gaji da amai da zubewar gashi, kuɗi sun ƙare, dangi na cewa ai Allah ya kawo sauƙi. Mai garka a Timia ya san abin da ke faruwa in ya sare ƙiri-ƙiri ta sama ya bar saiwa a ƙasa. Abin da ya fi haka muni, ƙwayoyin da suka tsira galibi su ne gwanayen gyara, don haka idan cutar ta dawo maganin farko ba ya cin ta kamar da.

Kwana 21 ɗin ba don sauƙin ma'aikata aka zaɓe shi ba. Kemo na taɓa ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su yi ƙasa tsakanin kwana 7 da 14, su farfaɗo wajen kwana 21. Hikimar ita ce a dawo daidai lokacin da ɓargo ya gama gyara kansa amma ƙari bai gama ba. A yi sauri, a jefa mara lafiya cikin haɗari. A makara da makonni, ninkin 10 na misalinmu ya zama 100 ko 1,000, zubin baya ya tafi a banza.

An auna illar haka. A 1981 Gianni Bonadonna da Pinuccia Valagussa na cibiyar sankara ta Milan suka duba matan da aka yi wa tiyatar mama sannan aka ba su kemo. Waɗanda suka sami aƙalla kashi 85 na maganin da aka tsara, 77 cikin 100 cutar ba ta dawo musu ba a shekara 5. Waɗanda suka sami ƙasa da kashi 65, 48 ne. Waɗanda tiyata kaɗai aka yi musu, 45. Wani ɓangare na ratar na iya zama don masu ƙarfin jiki ne ke jure cikakken magani, amma saƙon bai canza ba: rabin kemo ba rabin amfani yake bayarwa ba, kusan babu yake bayarwa, wahalar kuwa an sha ta. A sankarar bakin mahaifa ƙa'idar ita ce a kammala gashi cikin mako 8, kuma kowace rana bayan nan na rage damar murƙushe ƙarin da rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100.

Yanzu a ɗora wannan a kan hanya. Daga Timia zuwa Agadez kilomita 220 ne na dutse da ƙoramu, waɗanda kan yanke hanya in ruwa ya sauko da damina. Daga Agadez zuwa Yamai, ta Tawa da Birnin Ƙonni da Doso, kimanin 950. Jimla 1,170. Zuwa da dawowa 2,340. Sau shida, 14,040. Wadda ba za ta iya wannan zirga-zirga ba sai ta tare a Yamai wata huɗu zuwa biyar tare da mai jinya, ta bar 'ya'ya da awaki da garka. In lokacin ya faɗo daidai da fitar ayarin gishiri zuwa Bilma a kaka, wasu mazan gidan ma ba sa nan. Na'urar gashi ta farko a ƙasar a 2021 ta fara aiki, a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Bisa ma'aunin da aka saba, rabin masu sankara na buƙatar gashi kuma na'ura ɗaya na ɗaukar kamar mutum 500 a shekara. Ga kamuwa 10,000, na'ura 10 ke nan.

Sancar ya kai bincikensa har ga sa'ar yini. Ya nuna a ɓeraye cewa ƙarfin gyara na hawa da sauka da agogon jiki, kuma a 2011 rukuninsa ya tarar cewa ɓerayen da aka haska da asuba sun fi waɗanda aka haska da la'asar samun muguwar sankarar fata kusan sau biyar. Ana fatan wata rana a zaɓi sa'ar da ta fi dacewa da ɗura kemo, ko da yake gwaje-gwajen mutane ba su tabbatar da hakan ba tukuna. Masana na muhawara kan safe ko yamma. A Timia tambayar ita ce ko za a isa a makon da ya dace.

Don haka a ganina, a jihar Agadez kuɗin da za a sa a gwajin nama, gwajin jini da na ƙoda, ma'aikatan jinya da aka horar, da tsofaffin magunguna irin su sisfilatin da kabofilatin da ba sa yankewa a babban asibitin jiha, sun fi duk wani sabon magani saurin ceton rai. Hakan zai mai da 1,170 zuwa 220 ga mafi yawan zubi, a bar Yamai don gashi da tsara magani. Ina kira ga ma'aikatar lafiya da ta riƙa buga adadi uku kowace shekara, jiha-jiha: nawa suka fara kemo, nawa suka kammala, kwana nawa suka makara. Kai kuma mai karatu, in 'yar'uwarka na kan magani kuma ƙarin ya ɓace bayan zubi na biyu, ka tambayi likita ranar na uku, ka fara neman kuɗin mota tun yau.